Ɗankwalin Hajiya Turai a Tsakiyar Gadon Amarya

Jiya ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba amma ta san kanta, ta ɗaga bargon da na shanya a igiya ta ce, "Mama, ai wannan ba wani abu ba ne, ƙyallaye ne aka haɗa. A waya na ga wata ta gama irinsa cikin minti uku." To sannu da ƙoƙari. Ni ma haka na ce ranar da na fara ganinsa, kuma ni ba a waya na gani ba, da hannuna na taɓa na raina. Tunda kun zo gidana koyo, kun kuma cinye min gyaɗa, ku gyara zama ku ji yadda aka yi na zama Ladi mai bargon ƙyalle a unguwar Gwallameji a nan Bauchi, da abin da na ja wa bawan Allahn da ya koya min.

Ba da allura na tashi ba. Shekara talatin da biyar na yi ina buga takardu a ofishin gwamnati, tun ana tafireta har kwamfuta ta zo ta same ni da furfura. Da na yi ritaya na dawo gida, sai na rasa inda zan sa kaina. Yara duk sun watse, daga mai aure sai mai aiki a wani gari. In share tsakar gida, in sake sharewa. Na shiga gyara wa Alhaji, maigidana, yadda yake ajiye takalmi da yadda yake ninke jarida, har wata rana ya ce, "Ladi, don girman Allah ki nemi abin yi. Gwamnati ta sallame ki, ni kuma ban ɗauke ki aiki ba."

A satin nan na shiga Kasuwar Muda Lawal sayen labule, na tarar wani Ibo mai gwanjo ya kwance sabuwar dila. A cikin kayan na hango wani bargo, ƙananan ƙyallaye kala-kala an jera su sun ba da taurari. Ya ce, "Mama, wannan hannu ne ya yi shi, ba inji ba." Na ce a raina, in dai hannu ne, ai ni ma biyu gare ni. Na saya na kawo gida, kafin la'asar na sa reza na farke masa kusurwa guda don in ga abin da ke ciki. Alhaji ya leƙo ya ce, "An sayo bargo da lafiyarsa, an yi masa tiyata." Abin da na gani shi ne hawa uku: fuskar da aka haɗa da ƙyallaye, auduga a tsakiya, yadi guda a baya, sannan ɗinki ya bi ya ratsa su duka ya riƙe. Na ce shi ke nan? Sati biyu na ba kaina.

Ina da keken ɗinki tun na kayan ɗakina, mai takawa da ƙafa, wanda mahaifina ya saya min. Shekara talatin da wani abu yana aikin tebur, rediyo a kansa, kwanuka a ƙarƙashinsa. Na yaye masa rufi na taka, ya ƙi motsi. Na san dai ana sa wa keke mai, sai na shiga kicin na ɗebo man gyaɗa na ɗura masa a duk inda na ga rami. Ya yi kwana biyu yana juyawa kamar gaske. A rana ta uku kiyashin Gwallameji kaf suka yi sallama, man ya kama ƙura ya daskare, keke ya tsaya cak. Maƙwabciyata ta ce akwai wani tela a Fadaman Mada, Malam Isuhu, yana taɓa gyaran keke. Na cire kan keken na naɗe a zani, na ɗauki napep na tsallaka gari.

Malam Isuhu siririn mutum ne, ba zai wuce sa'an ƙanena ba, shagonsa ɗaki ɗaya, shi kaɗai a ciki. Ya kwance zanin, ya sunkuya ya shinshina keken, ya ɗago ya ce, "Adda, ɗinki za ki yi da shi ko ƙosai?" Ya wanke shi da kananzir, ya nuna min man keke a 'yar kwalbarsa, ya ce ɗigo ɗaya ake sawa. Na gaya masa abin da nake so in ɗinka. Ya ce shi bai taɓa yin irinsa ba, amma duk abin da za a haɗa, sai an iya miƙaƙƙen ɗinki tukuna. Na ce ai wannan ba matsala, ni da yatsuna suka shekara talatin da biyar a kan tafireta. Ya zaunar da ni a kekensa ya ba ni tsumma. Abin da na ɗinka, in kun ga hanyar da tunkiya ke bi in ta tsinke, to shi ne.

Haka na zama 'yar koyo da jikoki a duniya. Sau uku a sati nake zuwa da safe. Sati biyun farko ko zare bai ba ni ba. Takardar littafin makaranta yake ba ni, in bi layin da allura tsirara, ya ɗaga ta a rana ya duba hujin. Da ya ba ni zare, sai na gane zare biyu ne ke ɗinki, na sama da na ƙasa, kuma in ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, bayan yadin sai ya cukurkuɗe. Malam Isuhu ba ya faɗa, ba ya yabo. Kalma ɗaya gare shi: "Farke." In kawo masa abin da na wuni a kai ina murmushi, ya juya bayansa, ya miƙo min reza. A shekarar farko na fi ƙwarewa a farkewa fiye da ɗinki, har na ce masa in akwai mai neman a lalata masa riga ya turo min shi.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da mutumin nan, don shi ne gindin labarin. Kun san abin da ake faɗa a kan teloli, wai ba a kai musu turmin atamfa ya dawo cif. Shi Malam Isuhu, duk ɗinkin da ya gama, sai ya tattara abin da ya rage, ko da faɗin tafin hannu ne, ya ƙulle ya sa wa mai kaya a leda. Sai wanda mai shi ya ce da bakinsa, "Bar shi, me zan yi da shi," shi ne yake jefawa a wani buhu a gefen teburin yanka. Ba shi da allon talla, ba shi da keken zamani, ba ya aikin surfani. Abin da yake ci da shi ke nan, matan Fadaman Mada suna cewa, "Kai wa Isuhu mai mayar da ƙyalle." Buhun nan shi ya ba ni izinin ɗiba, ya ce duk abin da ke cikinsa halak ne.

Bargona na farko da ido na yanka shi. Malam ya ce in yi ma'auni da kwali, na ce masa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya ce to. Wata uku na yi ina haɗawa, da na shimfiɗa shi a gado, wajen kai ya zubo har ƙasa, wajen ƙafa bai rufe katifa ba. Na ce ba komai, a juya shi. Sai na wanke. Ashe akwai wata jar atamfa mai zuba a ciki, ta bi duk fararen ta rina su, wasu ƙyallayen kuma suka tsuke suka ja 'yan'uwansu, bargo ya tashi tudu da kwari. Alhaji ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaya cikin ladabi ko zan ba shi ya riƙa rufe janareto.

Daga wannan bargon na koyi duk abin da nake takura muku a kai. Ƙyalle kowane iri sai an jiƙa shi shi kaɗai an ga ruwansa kafin ya shiga cikin jama'a. Ba a haɗa leshi da atamfa, ba a haɗa tsohon zani da sabon yadi, don sabon zai yaga tsohon. Kwalin taliya nake yankawa in yi ma'auni, in zana da guntun sabulu, in bar wa ɗinki abin da zai ci daidai wa daida a kowane gefe. Kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba a ƙyalle ɗaya, in ya bi layi na ƙyalle ashirin, ya zama kamu guda. Kowane ɗinki sai an bi shi da guga kafin a ɗora na gaba, shi ya sa kuke ganin dutsen guga na gawayi a ƙofar ɗaki, don wutarmu ba a yin alkawari da ita. Sannan ranar haɗa hawa ukun, a ƙasa ake yi, a share ɗaki a durƙusa, a fara kamawa da manyan ɗinkin hannu daga tsakiya zuwa baki. Wannan ranar ba a nuna muku ita a waya, don ba wanda zai tsaya kallon tsohuwa tana rarrafe tana kiran sunan Allah.

A shekara ta uku mutane suka fara kawo aiki, ni da na fara don kashe zaman banza. Wata ta kawo min zannuwan mahaifiyarta da ta rasu, guda bakwai, duk sun sha wanki sun yi laushi, ta ce tana so ta riƙa rufa da su. Sai da na bi kowane zani a rana ina neman inda bai ci ba, na yanko daga gefe-gefe, tsakiyar duk ta mutu. Ranar da ta zo karɓa ta zauna a nan inda kuke tana nuna min, wannan na zuwa asibiti ne, wannan na Juma'a ne. Akwai kuma masu zuwa ranar Talata su ce suna so ranar Alhamis, in na ce wata biyu, su ce, "Haba Mama, tsumma ne fa." Irin waɗannan nakan ba su ƙyalle huɗu in ce su haɗa min kusurwarsu ta haɗu wuri ɗaya. Ba wadda ta taɓa dawowa da shi.

To, sai shekarar da na ɓata. An sa bikin Sadiya, 'yar ƙanwata Hauwa, bayan ƙaramar Salla, ni kuma na buɗe baki a gaban dangi na ce shimfiɗar gadon amarya tawa ce. Na ƙudura zan yi babban tauraro mai tsini takwas a tsakiya, irin wanda ban taɓa yi ba. Na tara ƙyallaye masu launin ruwan ƙwai, na tara farare, abin da na rasa shi ne kore mai kyau da zai ɗauki tsakiyar. Ana cikin azumi, shagon Malam Isuhu ya cika da ɗinkin Salla har rufi. Ranar nan ya tafi sallar azahar ya bar ni da shago, na jawo buhu zan tona. A bakin buhun, a sama, ga wata atamfa 'yar Holan, koriya shar da ɗigon ruwan ƙwai, ta kai yadi guda, a ninke.

Bari in gaya muku gaskiya, don na gaji da yi wa kaina kwaskwarima. Ƙyalle ba ya zuwa a ninke. Ƙyalle yana da ramin wuya, yana da lanƙwasar hammata, bakinsa a karkace. Wannan gefensa huɗu a miƙe suke. Shekara uku ina tona buhun nan, na san abin da ake zubarwa. Ko makaho ya shafa ya san daga tebur ya zamo ya faɗo. Amma sai na tsaya ina yi wa kaina fatawa da bakin azumi: Malam ya ce abin da ke buhu halak ne, wannan kuma ga shi a buhu, ko da dai a bakinsa. Wataƙila wata mai hali ce ta ce a bar shi. Kafin Malam ya dawo, kore ya shige jakata, a ƙasa, na ɗora sauran tsummoki a kai. In da na yarda halak ne, me ya sa na binne shi? Ban tambayi kaina wannan ba sai daga baya. A ranar na jiƙa shi, bai zuba ba, washegari na sa almakashi.

Kwana huɗu bayan haka ina zaune a shagon, sai ga Hajiya Turai ta zo karɓar ɗinki. Hajiya Turai babbar mace ce a Fadaman Mada, ita ke fitar da ankon biki a unguwar, inda ta kai ɗinkinta nan mata suke kaiwa. Malam ya miƙa mata leda, ta zazzage a kan tebur, riga da zani suka faɗo, kore shar da ɗigon ruwan ƙwai.

Ta ce, "Ina ɗankwalin?"

Ya ce, "Yana ciki, Hajiya."

"Ba ya ciki."

Ya duba leda, ya duba tebur, ya ɗaga kayan da ke rataye ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Wallahi na yanka shi, na ninke, na ajiye a nan."

Ta ce, "To ƙafa ya yi? Atamfar nan ɗana ya kawo min ita daga Kwatano, babu irinta a garin nan. Isuhu, ashe mayar da ƙyallen nan dabara ce? Ka mayar mana da tsumma, ka riƙe yadi?"

Muryar Hajiya Turai ba ta buƙatar lasifika. Mai shagon kusa ya fito, masu jiran ɗinki suka miƙe, masu wucewa suka tsaya. Ni kuma me na yi? Na tashi na taya su nema. Na fi kowa ƙwazo. Ni na zazzage buhun a ƙasa, ni na leƙa ƙarƙashin keke da wannan gwiwar tawa, har ina cewa, "Ikon Allah, ko ɓera ne?" Ɗankwali kuwa yana gidana, ya zama tsini takwas.

Malam Isuhu ya ce a ba shi kwana uku. Ya rufe shago a tsakiyar ɗinkin Salla ya bi Muda Lawal rumfa-rumfa, ya shiga kasuwar Wunti, ya aika har Kano da ɗan guntun da ya rage, ba a samu irinta ba. Ya ce zai sayi wani turmin ya biya ta, ta ce ita ba turmi ta rasa ba, amana ta rasa. Kafin sati ya zagayo mata suka fara zuwa suna karɓe yadinsu da ba a yanka ba. Ku da ba ku san sana'ar ba, ɗinkin azumi shi ne damunar tela, abin da ya samu a watan shi zai ci har Babbar Salla. Saura kwana goma Salla, lokacin da ko gaisuwa tela ba ya amsawa, na zo na tarar da shi yana yi wa wandon makaranta faci, igiyar rataye kaya ba komai. Ya ɗago ya ce, "Adda, ya tauraron naki?" Na ce yana nan. Daga ranar na ce gwiwa ta tashi, na daina zuwa.

Na ji kunya, na ji tsoro, amma ba su kai su buɗe min baki ba. Kullum in ce gobe. Na ce to aƙalla in cire koren in sa wani abu, in ƙona shaida. Na ɗauko reza na zauna, sai na kalli tauraron. Tsini takwas ɗin nan duk sun haɗu a ɗigo ɗaya, ba tudu, ba rami, abin da na shekara uku ina nema. Na mayar da reza. Na ce ai Miri za a kai amarya, can hanyar Jos, ina Miri ina Fadaman Mada? Kun ji lissafin wadda aka haifa a Bauchi ta tsufa a Bauchi, ta kuma san in aka bi dangi a garin nan kowa surukin kowa ne.

Muka yi jere, aka shimfiɗa bargo a gadon Sadiya, ɗaki ya ɗauka. Washegarin kai amarya da hantsi dangin ango suka zo buɗar kai da ganin ɗaki. Kun san yadda ake yi, a shigo a duba kujeru, a buɗe kwanuka, a shafa labule, a fita da labari. Ni na samu wuri a bakin gado na kafe, duk wadda ta ce, "Kai, wannan daga waje aka kawo shi?" sai in sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, in bar Hauwa ta ba da amsa. Ina cikin shan yabo aka ce a ba da hanya ga goggon ango. Na ɗaga kai. Hajiya Turai ce, cikin koriyar atamfarta, riga da zani, da wani ɗankwali daban da bai dace ba.

Ta yi wa amarya addu'a, ta matso bakin gado. Wata 'yar dangin ango mai bakin tsiya ta ce, "Goggo Turai, har anko kika yi da gadon amarya?" Ɗaki ya kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta kama bakin zaninta ta ɗora a kan tauraron, ɗigo ya hau kan ɗigo.

Ta ce, "Wa ya ɗinka wannan?"

Hauwa, baiwar Allah, ta washe baki ta ce, "Addarmu ce, ga ta nan."

Hajiya Turai ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ce mai zama a shagon Isuhu." Ta juya wajen matan da ta zo da su. "Kun gani ko? Ashe har sayarwa yake. Baiwar Allah, ba ruwanki, ke saya kika yi. Gaya min kawai, shi ya ba ki?"

Ga ƙofa a buɗe, har ta riƙe min labule. In na gyaɗa kai kawai, na fita fes, bikin 'yata ya tashi lafiya, Malam Isuhu kuma ya gama yawo a Fadaman Mada, don yanzu ga shaida a kan gado, gaban mata sun fi talatin. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya fara sunkuyawa. Abin da ya tsayar da ni, wandon makarantar nan ne da na gan shi yana wa faci.

Na ce, "Bai sayar min ba, Hajiya. Bai ba ni ba, bai ma sani ba. Ya tafi masallaci na ɗauka."

Ta ce, "Ke?"

"Ni."

"Ke da kika taya mu nema?"

"Ni ɗin dai."

"Har kina cewa ɓera?"

Na ce, "Ga ɓeran nan a gabanki."

Wata tsohuwa ta ja salati a hankali. Amarya tana cikin mayafi kafaɗunta suna rawa, har yau ta ƙi gaya min kuka take ko dariya. Hauwa ta fice, ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayata, kuma da gaskiyarta, a gaban surukai na zubar mata da mutunci. Na ce wa Hajiya Turai zan farke in mayar mata da abinta. Ta ce, "In yi yaya da shi, in ɗaura tauraro a kaina? Bar wa yarinya kayanta. Gobe ki same ni a shagon Isuhu."

Hajiya Turai akwai zafi, amma ba ta da ƙeta. Da safe na same ta a can ta riga ni. A tsaye a bakin ƙofa, da muryar nan tata, ta ce ta zalunce shi, ya yafe mata. Sannan ta matsa ta ba ni wuri. Na faɗi abin da na yi tun daga azahar ɗin nan har zuwa ɓera, ban rage komai ba. Yana zaune yana sauraro, hannunsa a kan keke. Na so ya zage ni, da na samu sauƙi.

Ya ce, "Na yafe, Adda. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na fara godiya, ya ɗaga hannu.

"Amma ki duba. Yau Hajiya ta ji, ke kin ji, ni na ji, sai mai shagon kusa. Ranar da aka ce na sata, layin nan duka ya ji, kowa kuma ya kai gida, na gida ya kai biki. Waɗannan wa zai bi su?"

Na ce, "Ni."

Ya ce, "To."

Hajiya Turai ta lissafa min gidajen da suka karɓe yadinsu, na bi su ɗaya-ɗaya. Ku kwatanta, tsohuwa da hijabi har ƙasa ta yi sallama, a shimfiɗa mata tabarma, a kawo ruwa, a gaisa, a tambayi jikoki, sannan ta gyara murya ta ce ta zo ne ta sanar ita ce ta saci ɗankwali. Wasu suka yi dariya har da hawaye. Wasu suka ce rufa masa asiri nake don malamina ne. Da yawa sun mayar masa da ɗinki, wasu kuma sun riga sun saba da wani telan, ba su dawo ba har yau. Sallar nan da ya rasa, ba ni da yadda zan mayar masa da ita. Yana nan a shagonsa, yana ƙulle wa mutane ragowar yadinsu kamar da, ina zuwa muna gaisawa. Shi ya sa duk wadda ta kawo ƙyalle gidan nan nake tsare ta da tambaya, na wane ne, kuma mai shi ya ce da bakinsa a ɗauka? Kuna cewa na cika bincike. Yanzu kun san dalili.

Shekara shida ke nan, kuma kada ku ɗauka an gama. Watan jiya na fito daga Muda Lawal na shiga napep, muka zauna da wata mata da ban taɓa gani ba, ta sayo atamfa tana riƙe da ledar a gefena. Hira ta kawo hira, ta ce tela take nema. Na ce ta kai wa Malam Isuhu a Fadaman Mada.

Ta ce, "Wai wanda ya cinye wa wata Hajiya ɗankwali? An ce a kan gadon amarya aka gano shi."

Na ce, "An gano shi, amma ba shi ya ɗauka ba. Wata tsohuwa ce mai koyon ɗinki a wurinsa."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata, 'yar nan. Ni ce."

Ta dube ni, ta dubi hanya. Can a hankali, wai don kada in lura, ta ɗauke ledar atamfarta daga gefena ta mayar ɗaya gefen ta danne da hannu. Ban ji haushi ba. Na dai tambaye ta wa ya ba ta labarin, kuma a wace unguwa matar take.